Zamiya da ƙafa ko faɗawa da ƙirji: wanne ya dace da yaranmu 'yan besbol a Legas?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan mun tashi tirenin, wani bawan Allah da yake kawo ɗansa a mashin tun daga Mile 12 har Agege ya tsayar da ni yace, koci dan Allah tsaya in tambayeka, yaron nan ya ishe ni a gida da bidiyon wasu 'yan wasa da suke faɗawa kan bes da ƙirji kamar masu ninƙaya, yace kai kuma ka hana su, wai sai dai su shiga da ƙafa, to wanne ne daidai a ciki? Na ba shi amsa a tsaitsaye saboda azahar ta kawo jiki kuma kowa na gudun gosulo, amma tun da na dawo gida maganar take cina, domin ba shi kaɗai ba ne, iyaye da dama sun sha yi min wannan tambayar, har da samarin da suke taya ni kula da ƙananan. Shi ya sa nace bari in zauna in warware ta yadda na fahimce ta.

Ga wanda bai saba da wasan ba, bes huɗu ne a fili, na ɗaya, na biyu, na uku, sai gida inda mai bugu yake tsayawa kuma nan ake dawowa a ci maki. Tsakanin kowane bes da na gaba ƙafa 90 ne a wasan manya, wato mita 27 da ɗan wani abu, a na ƙananan yara kuma ƙafa 60. Bes na ɗaya doka ta yarda ka taka ka wuce da gudunka ka dawo babu wanda zai taɓa ka da bol ka fita, gida ma da zarar ka taɓa shikenan ka gama aikinka. Amma na biyu da na uku in ka wuce su ko da taku ɗaya ne aka taɓa ka da bol kayi awut, wato an fitar da kai. To kaga matsalar, kana tahowa da cikakken gudu kuma dole ka tsaya cak a kan wani ɗan abu da faɗinsa bai wuce tabarmar ƙofar ɗaki ba. Daga nan zamiya ta samo asali. Birki ce da bata cin gudu, sannan tana saukar da kai ƙasa yadda sai mai tsaro, wato ɗan ɗaya ƙungiyar da ke gadin bes ɗin, ya sunkuyo da hannu kafin ya same ka. Duk wanda ya ɗauka ado ce ko burga bai gane ta ba tukuna.

Bari in fara da ta ƙafa tunda ita nake koyarwa. Kana gudu, in ya rage kamar taku uku zuwa huɗu ka isa bes sai ka naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin ɗayar, kamar lamba 4 in an kalle ka daga sama, ka sauka a kan mazaunai da gefen cinya, ƙafar da ke sama a miƙe amma gwiwar ba a ƙame ba, diddigen ya ɗan daga daga ƙasa kar ya caki ƙasa, haɓa a kan ƙirji dan kar ƙeya ta bugu, hannaye biyu kuma a sama kamar wanda 'yan sanda suka ce ya ɗaga hannu. Wannan ɗaga hannun shi ne abin da nafi shan wahala wajen cusawa yara, saboda ɗan adam haka Allah ya yi shi, in zai faɗi sai ya kai hannu ya tare. Wace ƙafa za a naɗe? Bana zaɓar wa kowa. Ina cewa yaro ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ba tare da tunani ba, wadda ta shige ƙasa da kanta ita ce tasa.

Abin da ya sa nake son wannan zamiyar bai tsaya kan lafiya kawai ba, tana da wata riba da yara basa gani sai an nuna musu. In ka iya ta sosai, lokacin da tafin ƙafarka ya daki bes ƙarfin gudun nan zai ɗago ka ka miƙe tsaye da kanka, ga ka a tsaye, fuskarka na kallon fili, in bol ɗin ya kuɓuce wa mai tsaro ya gangara baya kai har ka kama hanyar bes na gaba. Wanda ya faɗa da ƙirji fa? Yana kwance rub da ciki, ƙura a ido, sai ya dafa ya tashi ya waiwaya ya nemi inda bol yake, kafin nan an tsince shi. A filayenmu na nan inda jifa ke yawan kaucewa kuma bol ke tsalle yadda yaga dama saboda ƙasar ba a daidaita take ba, wallahi wannan miƙewar kaɗai ta ci mana maki fiye da duk wata faɗawa mai kyan gani. Lou Brock na ƙungiyar Cardinals da ya saci bes (wato ya ruga bes na gaba ba tare da jiran a buga bol ba) sau 938 a rayuwarsa ta wasa, 118 a cikin shekarar 1974 kaɗai, da ƙafa yake shiga kuma da irin wannan miƙewar aka san shi. Saboda haka kar wani yace wa yaro ta ƙafa ta masu tsoro ce ko ta marasa gudu.

Amma ba zan ɓoye aibinta ba, tana da shi. Babban haɗarinta idon sawu ne da gwiwa. In yaro ya makara bai sauka da wuri ba, ya zo daf da bes sannan ya zube, duk nauyinsa da gudunsa a kan idon sawu ɗaya za su sauka, in kuma bes ɗin kafaffe ne baya motsi, to sai targaɗe ko abin da ya fi haka. Mafi muni shi ne mai shakka, ya fara niyyar zamiya sai ya fasa sai kuma ya sake niyya, haƙoran takalminsa su kama ƙasa jikinsa ya wuce gaba. Kullum ina gaya musu in ka yi niyya ka gama, babu fasawa a tsakiyar hanya. Na biyu shi ne wancan hannun da ake kaiwa ƙasa. Duk wanda ya kalli jerin wasannin ƙarshe na gasar Amurka a watan Oktoba na 2024 tsakanin Dodgers da Yankees ya ga abin da ya samu Shohei Ohtani a wasa na biyu, ya je satar bes na biyu, da ƙafa ya shiga fa, amma ya dafa hannun hagu a ƙasa sai kafaɗar ta goce, bayan an gama gasar sai da aka yi masa aiki. Mutumin da ya saci bes 59 a wannan shekarar ke nan, ya kuma buga hom ron 54, wato bugun da bol ke tsallake katangar fili. To in irinsa zai ji ciwo saboda dafa hannu, ɗanka mai shekara 12 fa? Ni wannan bidiyon nake nuna musu duk sanda naga hannu ya fara komawa ƙasa.

Yanzu faɗawa da ƙirji. Gaskiya tana da kyau a ido, nima in na gani sai naji wani abu a raina, kuma waɗanda suka ƙware a kanta ba wawaye ba ne. Mai gudu dama jikinsa a karkace yake zuwa gaba, to maimakon ya ja baya ya zauna kamar yadda ta ƙafa take buƙata, sai kawai ya ci gaba da sunkuyawa har ya kwanta, hannaye a gaba, yatsu a ɗage sama, tafin hannu da ƙirji da ciki su ɗauki ƙasa, kai a ɗage yana kallon bes. Ba tsalle ake yi a faɗo ba, wannan shi ne kuskuren duk yaron da ya koya daga waya. Mu da muke Agege kullum muna ganin jirage suna gangarowa za su sauka Ikeja, to haka ake yinta, a hankali a hankali kake rage tsawo har cikinka ya taɓa ƙasa ba tare da ka ji bugu ba. Wanda ya daka tsalle ya faɗo daga sama kamar buhun masara, numfashinsa ne zai ɗauke kuma nan take gudun zai mutu tun bai kai ba.

Ribarta ta gaske tana wajen kauce wa taɓi. Hannu ya fi ƙafa wayo. Da hannu zaka iya nufar kusurwar bes ta nesa da mai tsaro, zaka iya miƙa hannu ɗaya in ya kawo safar hannunsa ta kama bol ka janye ka zagaya da ɗayan ka taɓa, abin da ƙafa ba za ta taɓa iya yi da wannan saurin ba. Kuma abin da mai tsaro zai taɓa ƙarami ne, 'yan yatsu kawai, maimakon sawu da ƙwauri. Rickey Henderson wanda har yau babu wanda ya kamo shi, bes 1,406 ya sata, 130 a shekarar 1982 kaɗai, da ƙirji aka san shi. Dave Roberts ma satar da ya yi wa Yankees a 2004 yana Red Sox, wadda ta juya wannan karawar gaba ɗaya bayan an ci su wasa uku a jere, da ƙirji ya shiga kuma da ƙyar hannunsa ya riga safar mai tsaro. Wannan duk gaskiya ne kuma bana musun sa in yara sun kawo min.

Sai dai a duba kuɗin da ake biya. A ta ƙafa abin da kake turawa gaba takalmi ne, a ta ƙirji kuma yatsu ne da wuyan hannu da kafaɗa da fuska kake turawa wajen da wani yake tsaye da takalmi mai haƙora yana kallon sama yana jiran bol, bai ma san inda hannunka yake ba. Bryce Harper a 2014 ya faɗa bes na uku da ƙirji jijiyar babban yatsansa ta tsinke, aka yi masa aiki ya yi wajen wata biyu a waje. Mike Trout a watan Mayu na 2017 haka ya faɗa bes na biyu a Miami, shi ma babban yatsan hagu, aiki, sati shida ba wasa. Wannan doguwar safar mai kama da ta ɗauko burodi daga tanda da kuke gani 'yan wasan yanzu suna sawa in sun hau bes, saboda irin wannan ciwon ta yaɗu. Su fa suna da likitocin ƙungiya, albashinsu na tafiya ko suna kwance. Yaronmu in yatsa ya karye, hannun da yake rubutu da shi ne a makaranta, hannun da yake taya babansa ɗaure kaya da shi ne a kasuwa, kuma kuɗin hoto da ɗori daga aljihun uban za su fito. Ni na taɓa tsayawa a gaban uba da irin wannan labarin kuma bana fatan in sake.

Bari in faɗi yadda akayi. Shekarun baya ne, lokacin ban tsaurara ba, akwai wani yaro ɗan shekara 14 da ya fi kowa gudu a cikinsu, siriri, in ya tashi kamar an harba shi. Muna wasan gwaji tsakaninmu a wani filin makaranta da muke aro, ya tashi daga na ɗaya zai saci na biyu, ya faɗa da ƙirji yadda ya gani a waya. Ya riga bol ɗin kam, sef ne wato ya tsira, amma mai tsaron ya daka tsalle ya kama jifan da ya yi sama, da ya sauko sai diddigensa a kan bayan hannun yaron. Ban manta ba, bai yi ihu ba, ya dai zauna ya riƙe hannun da ɗayan yana kallona, ƙirjin rigarsa duk jar ƙasa, gwiwar hannunsa ta saluɓe tsakuwa ta shiga ciki, kafin mu kai bakin titi mu samu keke bayan hannun ya kumbura kamar an hura. Ƙashi biyu suka tsage. Jarrabawa ta rage sati uku. Baban bai zage ni ba, cewa kawai yayi, malam ai amana na baka. Wannan kalmar ta fi min zagi zafi, kuma tun daga ranar na sa doka a tawa ƙungiyar.

To batun sauri fa, tunda shi ne hujjar yara kullum, koci ai ta ƙirji ta fi sauri. Na sha gwada su da agogon waya, yaro ɗaya ya yi wannan ya yi waccan, bambancin bai kai abin da yatsana zai iya kamawa ba, wani lokacin wannan ta riga wani lokacin waccan, kuma kusan kullum wadda yaron ya fi sakin jiki da ita ita ce take fin sauri a wajensa. Mai tsoron ƙasa in zai faɗa da ƙirji sai kaga ya rage gudu tun daga nesa yana shirin faɗuwa, to me aka yi ke nan? Abin da ya ci a zamiyar ya riga ya zubar da ninkinsa a hanya.

Sannan akwai maganar da bidiyon Amurka ba zai gaya maka ba, wato ƙasar da muke wasa a kai. Su ƙasar tsakanin bes ɗinsu haɗi ce ta musamman, ana rairaye ta, ana ja mata abin daidaitawa, ana yayyafa mata ruwa kafin wasa har da tsakiyar wasa. Mu kuma filin ƙwallon ƙafa ne muke samu in masu shi sun tashi, wani wajen yashi, wani wajen jar ƙasa da tsakuwa, ga murfin kwalba ga fasasshen gilashi ga guntun waya, kafin kowane tirenin sai mun jera yara sun bi layi suna tsince-tsince. Daga Disamba zuwa wajen Maris ƙasar takan bushe ta yi tauri kamar siminti, wanda ya kwanta da ƙirji a kanta ba zamewa zai yi ba, tsayawa zai yi cak fatar ta tafi. Lokacin damina kuma, musamman Yuni da Yuli da ruwan Legas baya ɗagawa, ƙasar ta yi laushi zamiya ta yi daɗi, amma sai santsi ya yi yawa mutum ya wuce bes ya bar shi a baya, nan ma mai ƙafa ya fi samun yadda zai riƙe bes ɗin. Da dogon wando mai kauri da gajere a ciki, cinya tana jure abin da ƙirji da gwiwar hannu a cikin 'yar riga ba za su jure ba. Kuma dan Allah masu haɗa wa yara wasa a unguwa, kar a sa bulo ko dutse ko katako a matsayin bes, na taɓa gani da idona. Guntun kafet, ko buhu da aka cusa wa soso aka ɗinke, abin da in an dake shi zai matsa, shi ya fi. A can ma wasan yara sun koma amfani da bes mai ɓallewa in an dake shi da ƙarfi saboda ceton idon sawu.

In muka bi bes ɗaya bayan ɗaya abin zai fi fitowa fili. Na ɗaya, babu ko ɗaya a cikin biyun. Ka taka gaban bes ɗin da gudunka ka wuce, ka waiga dama ka gani ko jifan ya wuce mai tsaro. Wanda yake faɗawa a na ɗaya yana rage wa kansa gudu ne a inda doka ta ba shi damar kar ya rage, lokaci ɗaya tak da zan yarda shi ne in jifan ya janye mai tsaro daga kan bes ya taho zai taɓa ka a hanya, sai ka zube ka kauce. Kuma wannan maganar da yara suke yaɗawa wai in ka juya hagu bayan ka wuce kayi awut, ba haka dokar take ba, abin da alƙali yake dubawa shi ne ko ka nuna niyyar tafiya na biyu.

Na biyu ya rabu gida biyu. In tilas ce ta kore ka, wato an buga bol a ƙasa kuma mai bugu yana tahowa bes ɗinka, mai tsaro ba sai ya taɓa ka ba, taka bes kawai zai yi ya juya ya jefa na ɗaya, kuma jifan ta saitin fuskarka zai biyo. Nan babu zance, ƙafa, ka yi ƙasa da wuri. Kuma ka nufi bes, ba ƙafar mutum ba. Tun bayan da Chase Utley ya karya ƙafar Ruben Tejada a 2015 aka gyara doka a 2016, dole ka fara zamiyar kafin ka kai bes, ya zama zaka iya taɓa shi ka kuma tsaya a kai, ba ka canza hanya ka je ka kwashe mai tsaro ba. In kuma sata ce, wadda sai an taɓa ka, to a nan ne da na uku kaɗai nake ganin babban ɗan wasa, wanda ya haura shekara 16, ya ƙware, ƙasa kuma tana da laushi, zai iya zaɓar ƙirji in yaga jifan ya riga shi kuma sai da dabarar hannu zai tsira. Ko a nan ɗin ma akwai zamiyar ƙafa ta gefe, ka zame ta can gefen bes nesa da safar ka laƙato kusurwar da tsinin ƙafa ko ka wuce ka shafo ta da hannu, tana yin kusan aikin ba tare da ka kai fuska ba.

Gida kuwa ko babba ban yarda ba. Kacha, wato mai tsaron da ke tsugune a gida yana kama jifa, yana sanye da sulke tun daga ƙwauri har fuska, robar ƙwaurinsa mai tauri ce, gwiwarsa a ƙasa, kai kuma ka kawo wuya da yatsu. Ko da aka sa dokar hana karo a gida a 2014, bayan raunin da Buster Posey ya ji a 2011, har yanzu in bol yana hannun kacha yana da damar tare hanya. Faifan gida kuma a shafe yake da ƙasa, ba sai ka tsaya a kai ba, shafa kawai ake so, to ka zame da ƙafa ta gefe ka shafe shi ka wuce.

Wuri ɗaya ne faɗawa da ƙirji ta yi wa ta ƙafa fintinkau, kuma a nan ni da kaina nake koyar da ita: komawa bes. Ka ɗan ja tazara daga na ɗaya, taku uku ko uku da rabi, gwiwa a sassauce, idonka a kan mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai bugu bol, sai kawai ya juyo ya wurgo wa mai tsaron bes. Ba gudu kake ba, a tsaye kake, tazarar gajera ce, saboda haka babu wani ƙarfin da zai kai ka ga rauni. Taku ɗaya ka tsallaka da ƙafar dama, ka kwanta, hannun dama ya kama kusurwar bes ta baya wadda ta fi nisa da safar, fuskarka ka juyar da ita waje kar bol ya same ka a baki. Wanda zai koma da ƙafa a nan sai ya juya jikinsa gaba ɗaya tukuna, an daɗe da taɓa shi. Dokar gasar Little League ta yara 'yan 12 zuwa ƙasa ma haka ta raba abin, in kana gaba ka faɗa da kai alƙali zai fitar da kai nan take, in komawa kake an yarda. Waɗanda suka rubuta wannan dokar sun ga yara da yawa fiye da yadda ni zan taɓa gani, kuma inda suka tsaya nan nima na tsaya, sai dai ni na ɗaga shekarun saboda ƙasarmu.

Abin da nake so yaran su gane, kuma iyaye su taya ni, shi ne satar bes ba a wajen zamiya ake cin ta ba. A wasan manya mai jifa yana ɗaukar kamar daƙiƙa 1.3 kafin bol ya isa hannun kacha, kacha kuma kamar daƙiƙa 2 ya kai shi bes na biyu, jimla uku da 'yan kai ke nan, a cikin wannan ɗan lokacin zaka tashi ka isa. Rabin taku da ka ƙara a tazararka, da karanta diddigen mai jifa ka san gida zai jefa ko wajenka zai juyo, da takun farko da baka ɓata shi wajen miƙewa tsaye ba, waɗannan su ne suke raba sef da awut. A 2023 da aka ƙara girman bes a babbar gasar Amurka daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita sau nawa mai jifa zai iya juyowa ya tsorata mai gudu, sata ta ƙaru sosai, Ronald Acuña ya saci 73 a shekarar. 'Yan inci kaɗan da ɗan ƙarin kwanciyar hankali wajen jan tazara ne suka yi wannan aikin, babu wanda ya canza musu salon zamiya. Haka wajen zagaye bes, yaron da ya iya buɗewa kaɗan kafin ya iso ya taka kusurwar ciki ya miƙe, zai riga wanda ya fi shi gudu amma yake yin faɗi har wajen masu kallo. Kuma shi kansa Rickey ɗin da suke kafa hujja da shi, sau 335 aka kama shi, 42 a cikin waccan shekarar ta 130.

Yadda muke koyo ba wani tsada. Kwalin firij ko na talabijin muke samowa wajen masu shago mu shimfiɗa a kan ciyawa, a cire takalmi a bar safa, a fara daga zaune a gane lamba 4 ɗin, sai daga tafiya, sai sassarfa, sai gudu. Ina ba kowane yaro 'yar tsakuwa ko hularsa ya riƙe a hannu biyu, hannun da ya riƙe abu baya saurin dafa ƙasa. In damina ce bayan an ɗauke ruwa ciyawar ta jiƙe, ranar ba sai an roƙi kowa ba, layi suke ja suna rigima kan wa zai fara, sai dai uwaye su yi haƙuri da wanki. Sai yaro ya yi min ita sau goma a jere hannu a sama ba tare da na yi magana ba kafin in bar shi ya gwada da takalmi a kan ƙasa.

Wancan uban na Mile 12 na kira shi da daddare na yi masa wannan bayanin a natse, yace to koci ni dai ka riƙe shi a ta ƙafar, in ya girma ya ga dama ya zaɓa. Yaron nasa shekararsa 11, ƙafar hagu yake naɗewa, har yanzu hannun damansa yana saukowa in ya zo da gudu sosai. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu shi zan fara sawa a kan kwalin, hula a hannu.